Ovidio da Ƙofar Dama

A Colonia Ituarte in ka ambaci Ovidio Pettinari, kafin ka rufe baki wani zai tambaye ka, "Na zanen tebur?" Shi ɗin ne dai. An kusa shekara ashirin da faruwar abin, amma ƙaramin gari ba ya yar da labari mai daɗi don kawai ya tsufa.

Wata Lahadi ce ta zafi, a filin tseren motoci na jar ƙasa da ke bayan Villa Morteo, garin maƙwabtanmu. Ovidio na cikin Porota, shuɗiyar motar garinmu mai dogon hanci, sai abin da bai taɓa faruwa ba ya faru: ya tsinci kansa a gaba. Biyun farko sun gogi juna a kwana sun faɗa gonar masara, na uku injinsa ya yi aman hayaƙi ya mutu, hanya ta buɗe wa Ovidio fetal, tsere kuma ya zo gangara. Mutanen Ituarte suna inda suka saba, jikin shingen waya a kwanar ƙarshe, sun gama da haƙarƙarin saniya tun ɗazu. Har an tura wani ya buga waya gida a wanke motar kashe gobara, domin a kanta ake ɗora wanda ya ci tsere a zaga gari da shi ana jiniya.

A daidai lokacin ne Nélida, 'yar mai gidan burodi, wadda tseren mota bai dame ta da komai ba, an dai jawo ta ne don ta yanka tumatir, ta tattare zanen teburin uwarta mai gidan dara, ta je bakin waya tana kaɗe ɓurɓushin burodi. Yarinya ce mai son tsafta, don haka da ƙarfinta ta kaɗa. Ovidio ya fito daga kwana cikin ƙura, ya hango zane mai gidan dara yana kaɗawa, irin tutar da ake ɗaga wa wanda ya gama tsere, ga jama'arsa suna tsalle suna ihu. Sai ya ɗage ƙafa daga totur, ya zuro hannu ta taga yana gaishe su cikin natsuwa. Su kuwa ihun da suke yi, cewa suke ya taka, da sauran zagaye. Motoci shida suka wuce shi kamar an harbo su daga baka.

Zanen ja da fari ne, tutar gaske kuwa baƙi da fari. Ovidio ya ce ƙura ba ta san launi ba. Motar kashe gobara ta sha wanka, ta koma rumfarta ba wanda ya hau.

Bayan kwana biyu Nélida ta je ba shi haƙuri da tiren burodi mai zaƙi. Ya ce ba komai. Ta sake zuwa don ta tabbatar ba komai ɗin. Haƙurin nan bai ƙare ba sai a gaban limamin coci.

Ovidio dogo ne, mai faɗin tafin hannu, mai magana ɗaya-ɗaya kamar yana ɗebo ta daga rijiya. Sana'arsa gyaran famfon iska, waɗannan dogayen ƙarafa masu fukafukai da ke jawo wa shanu ruwa a gonaki. Daga Litinin zuwa Asabar yana sama, iska na kaɗa masa riga, yana hango alkama da waken soya har iyakar ganin ido. Lahadin tsere kuwa yana ƙasa, ɗaure da bel a cikin Porota, kuma duk wanda ya ga fuskarsa a safiyar nan ya san inda ransa yake.

Porota ba tasa ba ce. Ta ƙungiya ce, ƙungiyar kuwa gari ce gaba ɗaya. Da gashin nama ake riƙe ta: a yanka saniya, a taru a ci, abin da ya samu a sayi taya da mai. Duk wanda ya taɓa taimakawa sunansa na jikin motar, mahauci da mai faci da malamar makaranta, a murfin inji, a rufi, a baya, har ba ka iya sa yatsa ba ka taɓa sunan wani ba. Idan kuma ɗan ƙungiya ya rasu, sai a goge sunansa daga inda yake, iyalinsa su zo gareji, a ba su ƙaramin buroshi da farin fenti, su rubuta shi da hannunsu a ƙofar dama. Shi ya sa rubutun ƙofar nan a karkace yake, wani manya wani ƙanana, wani fentin ya zubo kamar hawaye. Da can ana ɗaukar mutum na biyu a kujerar dama, daga baya doka ta hana, kujerar ta zama wayam. Mutanen gari suka ce ba wayam take ba, na jikin ƙofar su ne 'yan rakiyar direba.

An sake wa Porota inji ba adadi, an sake rufi, an sake ƙofar hagu. Ƙofar dama kuwa ita ce ta asali, ƙarfe mai nauyi na zamanin da, kuma tun da Ovidio ya karɓi sitiyari ko ƙwarzane ba ta samu ba.

To, a nan gizo ke saƙa. Duk direban yankin ya san wannan. In kana son wuce Ovidio, ka matso ta damarsa ka ɗan jingina, zai buɗe maka hanya kamar maigida ya ga baƙo a zaure. Ta hagu yakan yi gardama, har ya taɓa tura wani cikin ciyawa, amma wa zai bi hagu alhali ga dama a buɗe? Sai ya zama kullum tsakanin na takwas da na goma sha biyu yake zuwa. Bai taɓa kasa gama tsere ba, bai kuma taɓa hawa motar kashe gobara ba. 'Yan Villa Morteo, waɗanda motarsu kan ci kofi ko ta dawo a tarwatse a bayan tirela, sukan tambaye mu in tsere ya tashi ko motarmu ta iso, ko su bar mata fitila a kunne.

Wannan ba'ar ce ta ishi Don Fermín Echegaray, dillalin hatsi, shugaban ƙungiya. Ba mugu ba ne, mutum ne mai kunya a gaban abokan ciniki, kuma rabin abokan cinikinsa 'yan Villa Morteo ne. Ga shi kuma Allah ya kawo Lautaro Miglio, ɗan likitan dabbobin garin, saurayi da ya je birni ya yi ta cin kofuna a tseren ƙananan motoci, ya dawo gida ba motar tuƙi. Da a ce yaron marar kunya ne da abin ya zo da sauƙi. Ina, mai ladabi ne, ba ya wuce Ovidio a hanya bai cire hula ba.

Don Fermín ya iske Ovidio a wata gona, yana can saman famfon iska. Ya tsaya a ƙasa da butar ruwan zafi a hammata da ƙoƙon shayin mate a hannu, yana magana da wuya a ɗage. Ya yabi shekarun da Ovidio ya yi, ya yabi haƙurinsa, ya ce ƙungiya na tunanin naɗa shi shugaban gareji, da allo mai sunansa a bango. Ovidio ya ci gaba da ɗaure ƙusa har ya gama, sannan ya sauko, tsani ɗaya bayan ɗaya, ya karɓi ƙoƙon ya zuƙa.

"Shugaban gareji a ina yake zama ranar Lahadi, Don Fermín?"

"A bakin waya, tare da mu. Ga inuwa, ga nama."

"Na gode. Amma bari wuƙaƙe su yi magana."

Abin da yake nufi tsohuwar ƙa'idar ƙungiya ce. Marigayi Don Higinio, mahaifin Fermín, wanda ya kafa ta, ba ya son a yi zaɓe da ɗaga hannu, ya ce hannu yakan kalli na maƙwabci kafin ya tashi. Tunda a gashin nama kowane namiji da wuƙarsa yake zuwa, soke a bayan ƙugu, sai ya ce a ajiye katako a ƙarshen tebur, a ja layi da alli a tsakiya, duk wanda wuƙarsa ta yi yanka a wannan walima ya je ya kafa ta a ɓangaren da yake so. Da haka ake zaɓen shugaba, da haka aka zaɓi launin Porota, da haka kuma aka ba Ovidio sitiyari tun yana da baƙin gashi.

A gida Ovidio ya rage cin abinci. Nélida ta lura yana tsayawa a ƙofar gareji yana kallon motar kamar mai kallon jirgin da zai tafi da ɗansa. Da ta matsa masa, sai ya ce gaskiya mutanen suke faɗa, yaron ya fi shi gudu nesa ba kusa ba, kuma gari ya cancanci jin jiniya ko sau ɗaya. Ta ce kaza ma ta fi shi gudu, amma ba ta ga an ba ta mota ba. Ya yi dariya kaɗan, sannan ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba: shi fa yana son kujerar nan, so irin na rashin kunya, kuma bai san me zai yi da ranar Lahadi ba in aka karɓe ta. Nélida ta ci gaba da murza ƙullu, sai dai ta murza shi fiye da yadda yake buƙata.

Ranar gashin ƙarshen shekara ta zo da zafin Disamba, domin a ƙasarmu lokacin ne bazara. Aka jera tebura a inuwar itatuwan turare da ke bayan rumfar 'yan kashe gobara, aka turo Porota aka ajiye ta a gefe, a wanke tas. Haƙarƙari na kan wuta tun hantsi. Mata suna ɗakin girki a baya, kamar kullum, suna fama da albasa da tumatir da soyayyen burodi mai nama a ciki. Da aka ci aka ƙoshi, Don Fermín ya buga cokali a kwalba, ya ce kowane direba ya faɗi tasa.

Ovidio ya miƙe, ya dubi jama'a, ya ce, "Kun san ni." Ya zauna. Aka jira ko da saura, babu.

Lautaro ya yi bayani mai kyau, ba fankama. Ya ce injin Porota lafiyayye ne, nauyi ne ya yi mata yawa, kuma a tseren yanzu in ba ka goga kafaɗa da mutane a kwana ba, ba ka ganin gaba. Sai Rubén Ostertag, mahaucin gari, wanda bakinsa ba ya zama shiru, ya tambaye shi to ƙofar dama fa. Yaron ya ce ya yi tunani a kanta sosai. Abin da ya fi shi ne a cire ta a rataye a bangon ƙungiya, a sa mata gilashi da fitila, inda ba abin da zai taɓa ta, a sa wa motar ƙofar roba marar nauyi wadda in ta fashe a sayi wata. Ya ce hakan girmama mamatan ne, kuma motar za ta samu 'yancin faɗa ta kowane gefe.

Maza suka gyaɗa kai. Magana ce ta hankali, har Ovidio ma ya gyaɗa. Aka fara tashi ɗaya bayan ɗaya ana zare wuƙaƙe, ana goge su a wando, ana kafawa. Ɓangaren Lautaro ya cika kamar bayan bushiya. Na Ovidio 'yan tsiraru ne, na tsofaffi da na mai faci, wanda ake zargin don Ovidio ba ya fasa taya a banza ne yake tausaya masa. Masu kafawa a ɗaya gefen ba sa yarda su haɗa ido da shi. Shi kuwa tasa wuƙar tana cikin kube, domin ranar nan bai yanki ko tsoka ɗaya ba. Yana zaune da manyan hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon motar.

Don Fermín ya gyara murya zai sanar, sai ƙofar ɗakin girki ta buɗe. Doña Asunta ce, mahaifiyarsa, tsohuwa da ta haura tamanin, 'yar ƙarama kamar tsintsiya, sanye da rigar girki, riƙe da wata wuƙa da wasawa ta cinye har ta zama kamar tsinke. Ta ratso tsakanin tebura ba ta gaggawa. Ɗaya daga cikin jikokinta ce ta kai mata labarin gilashi da fitila.

"Mama, lafiya? Ki zauna, yanzu za mu gama."

"Wa zai rataye ubanka a bango?"

Don Fermín ya ce ba haka ba ne, girmamawa ce, kuma wannan magana ce ta tsere.

"Higinio yana raye ban taɓa iya zaunar da shi a gida ranar Lahadi ba, sai yanzu ku za ku zaunar da shi? Ni na rubuta sunansa a ƙofar nan da hannuna. Tun daga ranar, yaron nan Ovidio ke fita da shi yana dawo mini da shi lafiya." Ta juya ga Lautaro. "Kai ɗan albarka ne, ɗana, na san uwarka. Amma kai gaba kake kallo. Shi yana kallon gefe."

Ta nufi katakon. Don Fermín, cikin ladabi, ya tuna mata cewa mata ba su taɓa kafa wuƙa ba. Ta tambaye shi ƙa'idar ubansa me ta ce. Ya ce wuƙar da ta yi yanka a walimar. Ta ce to albasar da ya cika ciki da ita, da haƙori aka yanka ta? Ta ɗaga hannu ta kafa tsinken wuƙarta a ɓangaren Ovidio, wuƙar ta tsaya cak tana rawa.

Gaskiya ne ba wanda ya taɓa hana mata. Kawai dai duk lokacin da ake zaɓe suna can baya suna wanke-wanke, su ma ba su taɓa ganin abin da ya kai su bar ruwan kumfa ba. Ranar nan suka gani. Suka fito a jere suna goge hannu, matar da ta rubuta sunan mijinta, wadda ta rubuta na ɗanta, wadda ta riƙe wa kakarta gwangwanin fenti tana yarinya, da waɗanda ba su da kowa a ƙofar tukuna amma sun san wata rana za a miƙo musu buroshin. Wuƙar albasa, wuƙar dankali, wuƙar kaza. Matar Don Fermín ma ta kafa tata ba ta dubi inda yake ba. Rubén mahauci, wanda ƙaninsa na jikin ƙofar, ya tashi ya ce wuƙarsa ta karkace bari ya gyara ta, garin gyarawa ta tsallaka layi. Wasu biyu ma tasu ta karkace.

Nélida ce ta ƙarshe, da wuƙar burodi mai haƙora, wadda ba ta da tsini. Ta kafa, ta faɗi. Ta sake kafawa, ta faɗi. Sai ta tsayar da ita da hannu, ta dubi Don Fermín ta ce ya ƙirga, tana nan.

Ba sai an ƙirga ba. Don Fermín ya daɗe yana kallon katakon, ya kalli uwarsa, sannan ya saki dariya har yana share ido. Ya ce Porota ta Ovidio ce, kuma daga yau a riƙa yin zaɓe kafin a yanka albasa. Lautaro ne ya fara zuwa ya miƙa wa Ovidio hannu biyu. Ovidio ya riƙe hannun ya daɗe, daga ƙarshe ya ce yunwa yake ji. Ya zare wuƙarsa ya cinye abin da mutum uku za su ci.

Kada wani ya zaci daga nan Ovidio ya fara tashi sama. Shekarar da ta biyo baya na tara ya zo. Lautaro ya karɓi motar Villa Morteo, ya ci musu kofi, suka zaga gari da shi da jiniyar da har a Ituarte muna jiyowa in iska ta juyo. A gidan shayi har yau ana musu, wasu na cewa ƙungiya ta yi wa kanta, kuma ba za ka ce ƙarya suke ba. Sai dai akwai abin da duk mai zuwa bakin waya ya gani da idonsa. In Lautaro ya zagayo zai wuce Porota, ko dama tana buɗe kamar ƙofar kasuwa, sai ya jira ya bi ta hagu. Sannu a hankali wasu direbobin ma suka fara jin kunyar bin dama, ko da yake ba duka ba, tsere ba coci ba ne. Doña Asunta kuwa tana kan kujerarta ta naɗewa a kwanar ƙarshe, duk zagayen da shuɗiyar motar ta wuce, da karkataccen farin rubutunta yana fuskantar jama'a, sai ta ɗaga hannu kaɗan kamar mai gaida wani a mota. Mutanen Ituarte sukan miƙe tsaye. 'Yan Villa Morteo sun ce ba su taɓa ganin garin da ke miƙe wa na tara ba. Muka ce su ci gaba da kallo.

A gashin da ya gabata, Ovidio na shigowa da akori-kurarsa sai Rubén mahauci ya fizgo zanen tebur ya tare hanya yana kaɗawa, yana ce masa ya tsaya haka nan, tsere ya ƙare, ya ci. Aka yi ta dariya, har yaran da ba a haifa ba a lokacin. Ovidio ya kashe mota, ya sauko ba ya sauri, ya karɓi zanen ya ninke shi da kyau ya miƙa wa Nélida.

"Rubén, mutum shida suka wuce ni ranar nan. Ɗaya ya samu kofin gwangwani, biyar suka samu ƙura. Ni na tafi gida da tutar, da mai tutar. Je ka tambayo mini, a cikin su shidan wa ke da motar tuƙi ran Lahadi."